Yadda ake ɗauko maganar mutum a ba shi amsa a zauren WhatsApp

Duk wanda ya taɓa riƙe zauren WhatsApp, na dangi ne ko na tsofaffin ɗalibai ko na kwamitin masallacin unguwa, ya san inda yawancin rigima take farowa. Ma'aji ya rubuto dogon saƙo mai magana uku: an ɗage taro zuwa Asabar, kuɗin wata ya koma dubu uku, ga kuma sunayen waɗanda ake bi bashi. Can bayan saƙo arba'in wani ya faɗo ya rubuta, "Ni dai ban yarda ba." Ma'aji ya ɗauka lissafinsa ake ƙaryatawa, ya hau sama. Shi kuwa bawan Allah Asabar ce kawai ba ta yi masa ba, don ranar yake cin kasuwa. Da ya nuna layin da yake magana a kai, da ba a kwana ana ba da haƙuri ba. Na daɗe ina riƙe irin waɗannan zauruka, kuma ga abin da nake koya wa sabon shiga.

Abin da za ka tanada

Waya mai WhatsApp da aka sabunta. Wasu abubuwan da zan ambata ba su daɗe da zuwa ba: gyara saƙo bayan an tura ya zo a 2023, alamar ɗauko magana kuma a 2024. In wayarka tsohuwa ce ba ta karɓar sabuntawa, ba komai, akwai hanyar hannu a mataki na 3.

Allon rubutu mai haruffan Hausa. Gboard yana da Hausa, ka shiga saitinsa ka ƙara ta, sai ka samu ƙ da ɗ da ɓ. Kada ka raina wannan. In aka rubuta "Ma'aji ya bata kudin", wani zai karanta ya ba ta kuɗin, wani zai karanta ya ɓata kuɗin, kuma mutuncin mutum ne a tsakani. In ba ka da haruffan, to aƙalla ka riƙa raba kalmomi yadda ya kamata: "ya ba ta".

Iyafis, saboda saƙonnin murya. Wurin gwaji kuma: WhatsApp yana barin mutum ya tura wa kansa saƙo, lambarka kawai za ka nema a jerin sunaye. A nan nake rubuta duk amsar da na san tana da zafi kafin in kai ta zaure. Sai dokokin zauren, waɗanda galibi suna cikin bayanin da ke ƙarƙashin sunansa ko a saƙon da aka maƙale a sama. Ka karanta su sau ɗaya, ya isa.

Mataki na 1: Karanta har ƙasa

Ka buɗe zaure ka tarar da saƙo 300, na goma ya tsaya maka a rai. Kada ka amsa tukuna. Gangara har ƙarshe. Sau da yawa za ka ga an riga an ba da amsar, ko mai maganar ya dawo ya ce kuskure ya yi, ko shugaban zaure ya rufe batun tun da hantsi. Mai amsawa bai karanta ba kamar wanda ya shigo fada ne ana tashi daga shari'a, ya ce yana da shaida.

In saƙonnin sun yi yawa ba za ka iya bi ba, yi amfani da wurin bincike na cikin zauren: rubuta kalma ɗaya daga batun, a ce "Asabar" ko "gudunmawa", zai fito maka da duk inda aka ambace ta. In kuma saƙon da ya dame ka shi kansa amsa ce ga wani, taɓa ɗan akwatin da ke samansa, zai kai ka ga asalin maganar. Bi ta har tushe.

Mataki na 2: A zaure, a keɓe, ko a yi shiru?

Ba kowace amsa ce ta zaure ba. Zauren WhatsApp yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma duk abin da ka tura wayar kowa sai ta yi ƙara, data ɗin kowa sai ta taɓu. Tambayi kanka wa amsar za ta amfana. In mutum ɗaya ne, kamar "turo min lambar asusun", bi shi a keɓe. Danne saƙonsa ka riƙe, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi Reply privately. Zai buɗe maka hirarku ku biyu tare da maganar da ka ɗauko, don kada ya yi ta tunanin daga ina ka ɓullo.

Gyara wa babba kuskure ma a keɓe ya fi. Baffanka ya rubuta kwanan watan ɗaurin aure ba daidai ba, ka bi shi ka ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, na ga kamar 14 ga wata ne a katin, ko an canza ne?" Shi da kansa zai dawo zaure ya gyara, kowa ya tsira da girmansa. Amma akwai iyaka. A zauren da ya haɗa maza da mata, bin matar aure a keɓe ba da wani dalili ƙwaƙƙwara ba yana jawo abin da ba ka shirya masa ba. In maganar ta zaure ce, bar ta a zaure inda kowa ke gani.

In "na gani" ko "na yarda" kawai za ka ce, danne saƙon ka sa masa alama, tun 2022 ake iya wannan. Sai dai ban da saƙon rasuwa. Ɗaga babban yatsa a kan sanarwar mutuwa yana ɓata wa dattawa rai, kuma suna da gaskiya. Ga haɗarin yatsa ya zame ka sa fuskar dariya. A nan rubuta addu'arka da hannunka, ko layi ɗaya ne. Wasu shugabannin zaure suna ƙoƙarin hana jerin "Allah ya jiƙansa" wai yana cika waya. Ni ba na hanawa, ta'aziyya haƙƙi ce. Abin da nake hanawa shi ne a jefo tallar atamfa ko bidiyon barkwanci a tsakiyarta.

Mataki na 3: Ɗauko maganar

Hanya mafi sauƙi: ɗora yatsa a kan saƙon ka ja shi zuwa dama. Zai hau saman wurin rubutu a cikin ɗan akwati, sai ka rubuta amsarka a ƙasa. Kafin ka tura, dubi akwatin da kyau. A zauren da saƙo ke shigowa ba ƙaƙƙautawa allon yana motsi, yatsa yakan kama saƙon da ke kusa. Haka ake samun "Ƙarya ne wallahi" a manne da gaisuwar Juma'ar da liman ya turo.

Wannan hanya tana da naƙasa ɗaya wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba: akwatin layukan farko kaɗai yake nunawa. In saƙon dogo ne kuma abin da kake amsawa yana can ƙasa, jan da ka yi bai gaya wa kowa komai ba. To sai ka haɗa biyu. Ja saƙon, sannan ka kwafe shi, ka manna a wurin rubutu, ka goge komai sai jimlar da ka nufa. A farkon layin sa alamar > ka bar fili ɗaya, WhatsApp zai ja mata layi a gefe, kowa ya gane ba maganarka ba ce. Ga yadda amsar mutumin nan na Asabar ya kamata ta kasance:

> an ɗage taron zuwa ranar Asabar da ƙarfe 4

Ma'aji, sannu da ƙoƙari. Wannan kaɗai nake da magana a kai. Mu 'yan kasuwa Asabar ba ta yi mana ba, ko za a duba Lahadi bayan la'asar? Batun kuɗin wata kuwa na amince.

Dubi jimlar ƙarshe. Ita ce ta rufe ƙofar zato. In mutum ya kawo magana uku ka amsa ɗaya, faɗi matsayinka a kan sauran ko da a taƙaice, ko ka ce za ka dawo kansu.

In wayarka ba ta san alamar > ba, rubuta "Ma'aji ya ce:" ka sa maganar tsakanin alamun zance, ka tsallake layi ɗaya, sannan ka fara taka. Masu Telegram sun huta da wannan wahala, tun 2023 suna iya zaɓar yankin saƙo kai tsaye su amsa shi kaɗai.

Kuskuren da ke ɗaya gefen shi ne kwafo saƙo mai layi sittin gaba ɗaya, a manna, a rubuta "Haka ne" a ƙasa. Mutane sun riga sun karanta shi, ba sa bukatar na biyu.

Mataki na 4: Yanka da amana

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake cin amana ba a sani ba, wani lokaci ma ana sane. Da ka yanko jimla daga maganar mutum, kai ne ka tsaya a madadinsa gaban waɗanda ba za su koma su karanta asalin ba, kuma su ne mafi yawa. Malamai sun daɗe suna buga misali da wanda ya karanta farkon aya ta 43 a Suratun Nisa'i, inda aka ce kada a kusanci salla, ya tsaya nan bai ƙarasa da "alhali kuna cikin maye" ba. Bai ƙara ko harafi ba, amma ya juya maganar.

Akwai ƙananan kalmomi da ba a yanke su ko da wasa. Ta farko "wai". Hajiya ta rubuta, "Wai an ce ma'aji ya taɓa kuɗin marayu, ni dai ban gaskata ba." In ka ɗauko "ma'aji ya taɓa kuɗin marayu" ka ɗora a kanta, ka mayar da mai kare shi mai zarginsa. Haka "an ce", "ina jin", "kamar", "watakila". Sai kalmomin sharaɗi: "in", "idan", "matuƙar", "sai dai", "amma". Wanda ya ce "zan biya in an kawo rasit" bai ce zai biya ba. Sai kuma "ba" ta ƙarshen jimla, wadda takan yi nisa da ta farko har mai gaggawa ya yanke kafin ya kai gare ta. Abin da nake yi shi ne in ɗauki jimla daga farkonta har ɗigonta, in kuma ta jingina da wadda ke gabanta, in haɗa da ita.

In dole ka cire wani abu a tsakiya, sa ɗigo uku a gurbinsa don a san akwai abin da aka tsallake. In ka kaurara wata kalma a cikin maganarsa ta hanyar sa ta tsakanin taurari biyu, faɗa cewa kai ka kaurara. Kada ka gyara masa kalmomi, kada kuma ka ɗauko kuskuren rubutunsa don a yi masa dariya. Da yawa daga cikin dattawan da ke zauren da ajami suka fara rubutu, bokon daga baya suka koya, kuma sun fi ka sanin abin da ake magana a kai.

In da Turanci ko Larabci ko Faransanci ya yi maganar kai kuma da Hausa za ka amsa, kawo kalmominsa yadda suke, sannan ka ce "fassarata ke nan". In kuwa taƙaitawa za ka yi da bakinka, kada ka sa alamun zance kwata-kwata. Ka ce, "In na fahimce ka daidai, kana nufin a dakatar da ginin sai bayan damina. Haka ne?" Wannan tambayar ta sha kashe wuta tun ba ta kama ba, don sau da yawa amsar da ke dawowa ita ce, "A'a, ba haka nake nufi ba."

Mataki na 5: In saƙon murya ne

Zaurukanmu sun fi cika da murya, kuma murya ba ta kwafuwa. In ka ja saƙon minti bakwai ka rubuta "Wannan ba gaskiya ba ne", ka ƙaryata har sallamar da ya yi. Sa iyafis ka saurara har ƙarshe. Kana iya ƙara saurinsa zuwa 1.5 ko 2, amma wurin da za ka amsa, dawo da shi saurinsa na asali ka sake ji, don a cikin sauri ne "wai" take ɓacewa. Duba agogon da ke jikin saƙon, ka rubuta: "Yaya, a wajen minti 4 da daƙiƙa 20 kin ce an riga an biya mai abinci. Jiya na yi waya da ita, ta ce rabi aka ba ta." Duk mai shakka zai je daidai wurin ya ji da kunnensa.

In kai ma da murya za ka amsa, saboda wanda kake amsa wa ba ya karatu ko rubutun yana ba ka wuya, fara da maimaita abin da ya ce, sannan amsarka. Ka taƙaita. Amma duk abin da ya shafi kuɗi, kwanan wata ko lambar asusu, bi shi da rubutu, don ba a iya binciko murya da kalma bayan wata uku.

Mataki na 6: Rubuta amsar

Kira mutum da abin da za ka kira shi da a gabansa kake: Malam, Alhaji, Anti, Yaya, Ranka ya daɗe, Allah ya gafarta Malam. Wanda ba ka iya kiran sunansa gatsau a ƙofar gida, kada ka kira a waya. Alamar @ tana da amfani in kana so saƙon ya iske mutum, sai dai tana fito da sunansa tsirara, don haka sa laƙabin a gabanta. Gaisuwa gajeriya ta wadatar in hira ta riga ta yi nisa.

Batu ɗaya, saƙo ɗaya. Kada ka yayyanka jimla guda gida takwas kana turawa ɗaya bayan ɗaya, kafin ka gama wasu sun shiga tsakani, maganarka ta tarwatse. In batutuwa biyu ne mabambanta, raba su, kowanne da abin da ka ɗauko a samansa, don wanda zai amsa maka shi ma ya samu abin ja.

Amsa abin da ke cikin akwatin, ka bar mai shi. Da ka fara "dama kai haka kake" ko "irinku", ka fita daga maganar da ka ɗauko. Tono saƙon bara don a kunyata mutum ma haka ne, sai fa in batun alkawari ne ko lissafi, nan kam tsohon saƙo hujja ce, kawo shi da kwanan watansa. Manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe ana karanta su a matsayin tsawa. Gatse kuma ba ya tafiya a rubuce, don babu murya babu fuska. Wasan da ke tsakanin abokan wasa, a ce Bafulatani da Babarbare, yana iya zama zagi a idon wanda bai san tsakaninku ba.

In ranka a ɓace yake, kai amsar wurin gwajin nan, ka je ka yi salla ko ka ci abinci, ka dawo ka karanta. Yawanci rabinta za ka goge.

Mataki na 7: Maganar da ta zo daga waje

WhatsApp ya fara manna wa saƙon da aka turo daga wani wuri alama a 2018. A 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo, mai kibiya biyu a kansa, ya koma wuri ɗaya tak. Jita-jita ce ta jawo duk wannan. In za ka amsa irin wannan saƙo, ka tuna wanda ya turo ba shi ya rubuta ba. Ka ce, "Malam, wannan da aka turo maka, an san daga ina ya fito?" Ya fi "me ya sa kake yaɗa ƙarya" nesa ba kusa ba.

In kai ne mai kawowa, faɗi mai maganar da inda ya yi ta. Aya, kawo sura da lamba. Hadisi, kawo littafin da ya zo a ciki, in ba ka sani ba tambayi malami kafin ka tura. Guntun bidiyon wa'azi na daƙiƙa 30 da aka yanko daga karatun awa biyu, nemi cikakkensa kafin ka ɗora wa malamin hukunci, don duk abin da aka faɗa a mataki na 4 ya hau kansa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da a bincika labari, kowa ya haddace ta a zaure, aiki da ita ne ya yi ƙaranci.

Hoton allo na hirar da kuka yi da mutum a keɓe, ko na wani zauren daban, ba a kawo shi sai da izinin mai maganar. In ya zama dole, a ce rikicin kuɗi ne, nuna wa shugaban zaure shi kaɗai, cikakke ba yankakke ba, ka kuma rufe lambobin waɗanda ba ruwansu. A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, a Nijar akwai irinta ta 2019, kuma an sha kama mutane a kan abin da suka yaɗa ta waya.

Mataki na 8: Bayan ka tura

Kana da minti 15 na gyara saƙo, kuma zai nuna an gyara. Harafi ko lamba, gyara abinka. Amma in har wani ya riga ya amsa maka, kada ka koma ka canza ma'anar a ɓoye ka bar shi yana amsa abin da babu shi. Ja saƙonka na farko, ka rubuta, "Gyara: dubu biyar nake nufi, ba hamsin ba." Gogewa ga kowa tana yiwuwa har wajen kwana biyu, sai dai ba ta goge abin da aka riga aka karanta ko aka kwafa. Ko a zauren da aka sa saƙonni su riƙa ɓacewa da kansu bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90, maganar da wani ya ja cikin amsarsa tana iya zama bayan asalinta ta ɓace.

In kai aka yanke wa magana, kada ka yi dogon bayani. Ja asalin saƙonka ka ce, "Ga cikakkiyar maganata, a duba ƙarshenta." Mutane za su taɓa su gani.

In kun yi zagaye biyu ko uku kai da mutum, kowa yana maimaita abin da ya faɗa, ɗauki waya ka kira shi, ko ku bari sai an haɗu a taro. Shugaban zaure kuma, in ya ga mutum biyu sun mamaye wurin, yana iya shiga saitin zauren ya mayar da shi shugabanni kaɗai ke turawa na 'yan awanni. Kafin ya rufe ya rubuta dalili da lokacin da zai buɗe, ya kuma kira kowannensu daban. In ya goge saƙon ɗaya, ya goge amsar ɗayan da ta ɗauko shi, in ba haka ba zagin yana nan a cikin akwati kowa yana karantawa.